Ƙwaryar Kaka a Ayalan

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na kai kakata Ayalan ba tare da ta sani ba.

Wajen shekarar alif ɗari tara da sittin da wani abu ne, ina 'yar makarantarmu ta gangaren Nakkasa, unguwarmu a can ƙasa mai tsarki. (Na ce "ina makaranta", amma gaskiya rabina ne ke ciki, rabin yana kasuwa.) Muna da wani malami, Ustaz Usman, Bahaushen Sudan, wanda karatu ya taɓa kai shi Ayalan, can ƙasar Turawa, shekara guda, ya dawo ya kasa yin shiru. Duk Alhamis, darasin ƙarshe, sai ya ɗora faifai a garmaho mu ji gogensu, ya ba mu labarin ƙasar da ruwan sama ba ya hutawa. Mu da muke dako da gwangwani a bakin famfo, sai mu ce, "Ustaz, a rage mana hanya zuwa can mana."

Amma yana da wata sarewa ta gwangwani, siririya, mai huji shida. Ita ce ta shiga raina. Ya ce ranar rufe makaranta za a gayyato iyaye maza, yara uku su ba da tatsuniyar Ayalan cikin tatsuniyoyin da ya koya mana, wanda ya fi kowa ya tafi da sarewar. Hannuna ya riga na kowa tashi. Kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa sarewa tawa ce, har na fara yi wa yara alkawarin busa ɗai-ɗai.

Sai aikin Hajji ya matso. Alhamis huɗu a jere ina Mina ina ja wa masu kafa tantuna igiya. Ranar da na dawo, ko rabin tatsuniya babu a kaina. Abokina Hamza ya ce, "Ya wad, kai yaro, zo in koya maka tawa mana." Na ce ya riƙe kayarsa, ni da baki aka haife ni.

Dabarata mai sauƙi ce. Kaka tana da wata tatsuniya ta tsohuwar da rafi ya ƙwace wa ƙwarya, ta bi ta tana waƙa. Sai na sa wa tsohuwar jan gashi, na mai da ƙwaryar butar shayi, na zuba ruwan sama da tumaki ko'ina. Wa zai gane?

Ranar ta zo. Mudir, shugaban makaranta, yana kan kujera, dattawa a tabarma, Babana a sahun gaba da fuskar nan tasa da ba ta san dariya ba. Na miƙe na fara da Larabci, ina kaɗa hannu kamar mai wa'azi. Ustaz ya ɗan karkata kai, alamar bai tuna ya koyar da wannan ba. Dattawa suna ta "Masha Allah". Kaina ya kumbura. Na manta inda nake.

Da na iso wurin waƙar, bakina bai nemi shawarata ba. Sai ji na yi na rangaɗa da Hausa, da muryar Kaka sak:

"Ƙwaryata, ƙwaryata, ina za ki?"

Daga sahun gaba wata murya mai kauri ta amsa, mai ita ido a lumshe:

"Gaba za ni, Iya, biyo ni."

Babana ne. (Ni duk lissafina bai kai ga cewa Kaka ta rene shi da wannan tatsuniya kafin ta rene ni ba.) Baffa Sule, yayansa, ya karɓa, yana tafi a cinya. Sai da suka kai baiti na biyu suka farga.

Mudir ya juya ya ce, "Ustaz, mutanen Ayalan da Hausa suke waƙa?"

Kafin Ustaz ya buɗe baki, Baffa Sule ya ce, "Ranka ya daɗe, ai tsohuwar nan mun san ta. Yanzu haka tana gida tana tsince shinkafa."

Wallahi har mai gadi sai da ya riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye, hannu ɗaya a sama, na rasa inda zan ajiye shi. Ustaz yana share hawaye ya ce, "Tayyib, ƙarasa mana. Can ma haka suke yi, tsofaffi ke ba jikoki tatsuniya." Na ƙarasa da murya kamar ta sauro. Hamza ya tafi da sarewar, kuma ya cancanta. Ya bar ni ina busawa ran Juma'a.

A gida Baba ya kwashe komai ya gaya wa Kaka. Na zaci faɗan ƙarya za ta yi. Ina! Cewa ta yi, "Jan gashin na yafe. Amma butar shayi? Kai ka taɓa ganin buta ta yi iyo?"

Tun daga ranar na koyi abu guda: in zan saci labari, sai na fara leƙa sahun gaba na ga wa ke zaune.