Yadda Na Sauya wa Mama Zumunta

Ko tsufa zai cinye min ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na sauya wa mahaifiyata zumunta ba tare da saninta ba.

Mama ce uwar zumuntar mata a cocinmu a Kafanchan. Zanensu kore ne shar, kuma in kana son zaman lafiya kada ka haɗa shi da shuɗin matan cocin ƙetaren layin dogo. Waɗannan matan ne suka kayar da su a gasar waƙa, tun daga nan ko shuɗin bokiti Mama ta gani sai ta ja tsaki.

Da bikin shekara na zumunta ya matso, aka ce za a buga ƙatuwar bana, wato kyallen sanarwa na ratayewa, mai hotunansu. Mama ta miƙe a taro ta ce, "Ba sai mun je situdiyo ba. Yarinyata ta iya kwamfuta, ta fi su duka." (Gaskiya ta faɗa. To, kusa da gaskiya.)

Na buɗe laftop, sai na tarar manhajar gyaran hoto ta yi wa kanta ofdet, ta sabunta kanta. A da layi ɗaya ne, ka ja shi dama, kala ta fito ras. Yanzu wasu ɗigo-ɗigo ne masu launi jere kamar alewa a faranti, kowanne da layi uku a ƙasansa. Har wani akwati ya fito yana roƙo in bari ya nuna min yadda ake yi. Ni? Na rufe shi kamar ina kashe sauro.

Hoton farko na Fasto ne, farin kaftani a gaban farin bango. Na taɓa koren ɗigo, na ja layin sama. Shiru. Na ja shi har ƙarshe. Shiru. Na ce, "Kun dai ɓata abu mai kyau." Na bar shi a nan, na ƙara haske, na danna inda ake kwafa gyaran a kan sauran hotuna duka. Ko ɗaya ban buɗe ba, don an ɗauke wuta, batir yana kuka. Na tura wa mai buga bana, bawan Allah da bai taɓa ganin zanen matan nan ba.

Abin da ban sani ba, layin sama ya daina ƙara wa kala ƙarfi. Yanzu canja ta yake yi gaba ɗaya. Jikin Fasto kuwa babu kore ko na magani, shi ya sa ban ga komai ba.

Ranar Lahadi ɗan okada ya kawo banar a naɗe, aka ɗaure ta a sama. Matan shuɗi, da aka gayyato a matsayin baƙi, suna layin gaba tare da uwar zumuntarsu, Maman Dogara. Ni kuwa na ci dogon takalmi, ina ta kai da kawo don kowa ya san mai aikin. Mama ta karɓi makirfo ta ce, "Zo ki buɗe da hannunki, mutane su gani!"

Na ja igiya.

Jama'a, ga matan cocinmu reras cikin shuɗi. Zane shuɗi, ɗankwali shuɗi, Mama a tsakiya ta washe baki kamar an yi mata albishir. Fasto kaɗai ya tsira, fari fat a gefe kamar mala'ikan da bai san zancen ba. Mai kiɗan tulu ta tsaya da hannunta a sama.

Maman Dogara ta miƙe a hankali, ta gyara zane. "Halleluya!"

Matanta suka ce, "Amin!"

"Ashe 'yan'uwanmu sun tuba! Haba uwar zumunta, da kin gaya mini kina son zanen nan, ai da turmi guda na aiko miki!"

Sai guɗa, sai rawa. Fasto ya toshe baki da hankici wai tari yake, kafaɗunsa suna girgiza. Ni kuma bakina da ba ya jiran izini ya ce, "Ofdet ne fa," daidai kan makirfo, coci duka suka ji. Mama ta yi min murmushin nan da iyaye ke yi a gaban mutane, ta ce, "Za mu yi magana a gida." (Mun yi. Ita ta yi, ni na saurara.)

Mafi muni, baƙin suka roƙi a ba su banar, Fasto ya ce ai zumunci ke nan. Har yau tana rataye a cocinsu, Mama tana yi musu murmushi kowace Lahadi.

Na sake buga koriya, bayan na zauna na kalli bayanin akwatin nan da na rufe daga farko har ƙarshe, Mama tsaye a kaina da muciya. A nan na gane cewa in ka ja abu ka ji shiru, ba barci yake ba. Yana can yana aiki a ɗakin da ba ka leƙa ba.