Ɗakin Hadiza Ba Ya Numfashi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar jeren ƙanwata Hadiza. Saura shekara biyu a ba mu mulkin kai. Lokacin ina wata babbar lakwal, wato makaranta, a Dakar, inda ake koya mana zanen gini da tsara cikin ɗaki. Na zo hutu Damagaram da wando mai kari, da mitar awo a aljihu, da kai wanda ko ƙofar Birni ta yi masa kaɗan.

Muna da wani mushe, wato malami, Bafaranshe, maganarsa ɗaya ce kullum: "Ɗaki kamar mutum yake, sai ya yi numfashi. Ku rage kaya! Ku rage!" Ni kuwa na haddace ta kamar karatun allo.

Ranar da abin ya faru, tun da hantsi Inna da ƙawayenta suka gama jere a gidan ango, suka koma gida shirin kai amarya. Inna ta miƙo mini mabuɗi ta ce, "Kai da ka yi karatun ɗaki, je ka rataya mata madubi." Madubi kawai fa ta ce. Ku riƙe wannan.

Ina buɗe ƙofa na ja da baya. Tasoshi da kwanoni da langa-langa daga ƙasa har azara, faya-fayai sun rufe bango, ƙore a kan ƙore, gadon ma sai ka nema. Na ce a raina, wannan ɗaki ai shaƙe shi aka yi. (Ɗakunan jere nawa na gani tun ina yaro? Amma shekara biyu a Dakar ta wanke su tas.) Na tuɓe riga, na yi ta jida ina kaiwa wani ɗan ɗakin ajiya a bayan gida. Na bar gado, da tabarma ɗaya, da madubi. A tsakiyar bango kuma na ɗora wata tsohuwar tasa mai lotsawa da na tono can ƙarƙashi, don mushe ya ce tsohon abu shi ne ado. Na kulle, na mai da mabuɗi, ban ce uffan ba. So nake su sha mamaki.

Sun kuwa sha.

Bayan la'asar dangin ango suka taru ganin ɗaki. Na laɓe a zaure ina gyara wuyan riga, ina jiran yabo. Na ji guɗa, na ji ƙarar mabuɗi, sai guɗar ta yanke a tsakiya. Can wata ta ɗauki salati, sauran suka amsa.

Gwaggon ango, wata doguwar tsohuwa mai baki kamar reza, ta ce, "Ikon Allah. Wannan ɗakin amarya ne ko na mai takaba? Tasa ɗaya? Ita ma lotsattsiya?"

Na leƙa. Inna na zaune daɓas a ƙasa, hannu biyu a ka, kallabi ya zame. Wallahi ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Tun Hadiza na goye take tara kayan nan, da cinikin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kwano ɗaya bayan ɗaya, don wannan yini kaɗai, don kada surukai su ce ƴarta daga tsiya ta fito. Sai ta ƙwalla ihu, "Ɓarayi! Sun kashe ni!"

Kafin ka ce kwabo unguwa ta ɗauka. Maza suka fito da sanduna, wani maƙeri ya zo da guduma, ana ta a tare hanyar kasuwa. Na yi tunanin in bi masu sanduna mu nemi ɓarawon tare. (Har na taka taku biyu, Allah ya yafe mini.) Kukan Inna ne ya dawo da ni.

Na shiga tsakiyar mata na durƙusa. "Inna, ba ɓarayi ba ne. Ni ne. Kayan suna bayan gida."

Ta dube ni kamar ba ita ta haife ni ba. "Kai? Don me?"

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina ya ce, "Ɗakin ne ba ya numfashi."

"Ba ya me?"

"Numfashi, Inna."

Gwaggon ango ta tafa hannu. "Jama'a, ku zo ku ji karatun Dakar! Ɗaki ma hanci gare shi!" Dariya ta ɓarke har da masu faɗuwa. Inna ce kaɗai ba ta yi ba. Ta miƙe, ta gyara kallabi, ta ce, "Tashi. Yadda ka fitar da su, haka za ka dawo da su."

Haka na yi ta safa da marwa, da wandon nan mai kari, tasa a ka, mata wajen arba'in suna mini guɗa. Duk wadda na kawo sai Inna ta karɓa, ta ɗaga wa surukai, ta faɗi shekarar da ta saye ta. Lotsattsiyar kuwa ta cusa ta can ƙasa inda ta ɓoye ta da fari, ta ce da ni a hankali, "Duk abin da na tara ba ka ga na nunawa ba sai abin da na ɓoye." Wannan ta fi mari zafi.

Na yi shekara talatin ina tsara wa mutane ɗakuna, kuma ban sake taɓa ko ludayin mace ba sai na tambaya. Amma har yau a Birni in ka ce Mai Numfashi, ƙofata za a nuna maka. Ranar jeren ƴata ta fari ma, Hadiza ce ta kulle ɗakin da kanta, ta ɗaure mabuɗin a bakin zane, ta ce, "Yaya, kai dai zauna a zaure ka yi numfashinka."