Manjo Sallau da Lambobin Janar

Wani mutum ne a garin Rafin Ɗinya, ana ce masa Manjo Sallau. Ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta ba shi manjon, amma in ka kira shi Sallau zalla, ko waiwaye ba zai yi ba. Shekara ashirin da biyu ya yi a barikin soja, wannan kam gaskiya ne. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, a bakin keken ɗinki ya yi su. Tela ne. Shi ne telan Janar Haladu Tsamiya, tun Janar yana kyaftin, siririn saurayi kamar kara, har ya kai sai da dabara yake shiga mota.

Don haka ba wanda ya san tarihin Janar kamar Sallau. Duk wani ƙarin girma ta hannunsa yake wucewa. In aka ƙara wa Janar muƙami, shi ke ɗinka alamar a kafaɗa, sannan ya saki ƙugun wando da inci biyu. Lambobin yabo kuwa goma sha tara ne, kuma shi ya jera su da hannunsa: ta aikin kiyaye zaman lafiya a ƙetare, ta daɗewa a aiki, ta ƙara daɗewa a aiki, ta kwas ɗin wata uku a ƙasar Turawa, har da wata da aka raba wa duk wanda ya tsaya a rana lokacin da wani baƙon shugaba ya kawo ziyara.

Da ido ya fara rauni, sai Sallau ya sayar da kekensa ya dawo gida. Ya ɗauki tarihin Janar kaf, ya buɗe shi ta gefe, ya cusa kansa a ciki, ya ɗinke. Kullum da hantsi yana rumfar mai gyaran rediyo yana zuba.

"Ranar da aka kewaye mu a bakin kogi, harsashi kamar ruwan Agusta, tau-tau-tau! Janar ya dube ni ya ce, 'Sallau, mun mutu.' Na ce, 'Oga, kai ne ka mutu, ni ban shirya ba.' Na saɓa shi a kafaɗa, na yi mil tara da shi."

Wani ya ce, "Manjo, jiya ka ce a kan dutse ne."

"Kogin a kan dutsen yake! Ka taɓa zuwa ƙetare ne?"

Ba wanda ya taɓa zuwa.

To, a garin akwai wata bazawara, Malama Kubura, malamar firamare. Ba ta da yawan magana, in ta yi murmushi ma sai ta kawar da kai. Sallau ya kamu, kamun gaske. Mutumin da ke cika rumfa da surutu, in ya isa zauren gidansu sai ya zauna yana juya hula a hannu. Ita ma ba ta ƙi shi ba. Tana son yadda yake tambayar ko ta ci abinci kafin ya fara nasa zancen, kuma ta lura ba ta taɓa ganin zare yana lilo a rigarsa ba. Sharaɗi ɗaya ta gindaya.

"Manjo, mijina na fari, Allah Ya jiƙansa, ko ƙarfe nawa ka tambaye shi sai ya ƙara minti goma. Ba zan sake zama da mai ƙari a magana ba."

Sallau ya dafa ƙirji. "Malama, soja ba ya ƙarya. Horo ne."

Waliyyinta kuwa yayanta ne, Alhaji Ubale mai sayar da taki, mutum mai shakkar ko da nauyin buhun da ya auna da kansa. Ran nan ya tare Sallau a bakin masallaci, fuskarsa cike da fara'a.

"Manjo, albishirinka! Abokinka na nan tafe."

"Wane abokin?"

"Janar Haladu mana. Ya yi ritaya, kuma shi ne babban baƙo a ranar tunawa da 'yan mazan jiya, Asabar ɗin nan, a filin makarantar su Kubura. Ka gaisa da shi a gabanmu, Lahadi mu sa rana."

Sallau ya ce, "Madalla," da murya kamar ta wanda ya haɗiye ƙashin kifi.

Ya koma gida ya zauna ya yi lissafi. Gudu ba zai yiwu ba, don in ya gudu ya rasa Kubura. Sai wani tunani ya faɗo masa, har ya yi dariya shi kaɗai. Shekara ashirin da biyu, Janar bai taɓa kallon fuskarsa ba. Ba ya ma kiran sunansa. In ya shigo awo, madubi yake kallo, yana gyara gashin baki. Manya kuma ba sa son a ce sun manta da mutum a bainar jama'a. In ya ƙame ya sara, Janar zai gyaɗa kai ya wuce. Shi ke nan, Lahadi a sa rana.

Ya janyo tsohon akwati. A ciki akwai guntayen ƙyallayen lambobi da tsofaffin lambobin da hafsoshi suka canza suka bar masa. Ya zauna ya jera guda goma sha biyu, kowacce a muhallinta, ɗinki kamar ba hannu ya yi ba. Da farko ya so ya yi ashirin, sai ya ga bai kamata ya wuce Janar ba. Ladabi ai yana da kyau.

Asabar ta yi. Fili ya cika. Tsofaffin sojoji na gaske, su bakwai, suka yi layi, wani da sanda, wani da lamba ɗaya tal da ta yi tsatsa. Sallau ya shiga ƙarshen layi, ƙirji na walƙiya, in ya motsa sai ka ji cakwal-cakwal. Malama Kubura na tsaye gaban 'yan ajinta da sabon mayafi. Alhaji Ubale ya samo kujera a sahun gaba ya harɗe.

Mai gabatarwa ya ɗauki lasifika ya fara karanta tarihin Janar. Ya shiga soja shekara kaza, ya riƙe bataliya, ya riƙe birged, ya riƙe runduna. Aka shiga lambobi ɗaya bayan ɗaya, har wata tsohuwa ta tambaya ko duk mutum ɗaya ne. Sallau na bin karatun da leɓe, har da gyara wa mai karatu inda ya tsallake.

Sannan Janar ya taso duba layi, cikin kwat baƙa, lambobinsa a ƙirji. Tun daga nesa idon Sallau ya sauka a kansu, ransa ya ɓaci. Wane mugun ne ya yi wannan aiki? Jerin ya karkace, zaren ma ba kalarsa ba ne, ta ƙarshe kuwa da zare ɗaya take rataye tana lilo. Ya kawar da kai. Ya sake kallo. Yatsunsa suka fara ƙaiƙayi.

Janar ya iso gabansa. Sallau ya buga ƙafa, dim! Ya sara.

"Manjo Sallau, mai ritaya, ranka ya daɗe!"

Janar ya dubi fuskarsa, bai ga komai ba. Ya dubi ƙirjinsa, ya ga goma sha biyu. Ya yi gyaran murya.

"A'a, Manjo! Kwana biyu. Ya iyali?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe!"

Fili ya ɗauki tafi. Alhaji Ubale ya saki baki. Malama Kubura ta sunkuyar da kai tana murmushi. Sallau ya ji kamar an ɗaura auren ma.

Janar ya kumbura ƙirji zai wuce. Zaren nan ya ce ɗas! Lamba ta faɗi ƙasa, ƙwal, ta gangara.

Wallahi Sallau bai san lokacin da ya yi ba. Shekara ashirin da biyu ba wasa ba ce. Kafin dogarin Janar ya motsa, ya riga ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ya cafe lambar, ya hure ta. Ya cire hularsa ya zaro allurar da ke maƙale a cikinta da zarenta, ya sa a baki, ya ce ta gefen leɓe, "Oga, tsaya cak, kar ka motsa."

Janar ya tsaya cak. Ya sunkuyo da kai. A ƙasansa ga wani sanƙo, fes, yana ɗaukar rana, da ɗan tabo a tsakiya kamar ƙwayar wake.

"Kai!" Janar ya daka tsawa, ga lasifika a kusa da bakinsa. "Na san wannan kan! Fuskar ce ban sani ba, amma kan nan, shekara ashirin ina kallonsa daga sama! Tela! Tela ne wallahi!"

Ya ɗago shi ya rungume, lambobi suka haɗu, cakwal!

"Jama'a, kun san wanda ke garinku kuwa? Duk rundunar nan ba mai sakin wando kamar mutumin nan! Tun da ya tafi ban zauna da daɗi ba. Ku duba!" Ya juya wa jama'a baya ya ɗaga kwat, don su ga inda wandon yake matse shi.

Mai gyaran rediyo ya ɗaga murya daga baya. "Ranka ya daɗe, to ranar da ya saɓa ka a kafaɗa a bakin kogi fa?"

"Wane kogi? Wannan? Ai ran da aka gwada sabuwar bindiga a bariki, sai a ƙarƙashin teburin yankan yadi muka zaƙulo shi da yamma!"

Fili ya kece. Tsohon nan mai sanda ya yi dariya har sai da aka zaunar da shi. Alhaji Ubale ya faɗo daga kujera yana riƙe da ciki. Sallau na tsaye, hula a hannu, allura a baki, ya kasa tofar da ita.

Ran Lahadi da hantsi ya kulle kansa a ɗaki. Sai ya ji sallama, muryar Malama Kubura. Ya sa hula da sauri ya fito. Tana tsaye a ƙofar gida da ƙunshi a hannu, ba ta yi fushi ba, ba ta yi murmushi ba.

"Malam Sallau, da tun farko ka ce min kai tela ne, da yau ana rabon goro. Ni ban taɓa cewa ina son soja ba."

"Malama, ki bari in yi bayani..."

"Maganar aure mun rufe ta." Ta miƙa masa ƙunshin. "Wannan atamfa ce, turmi biyu. Ta bikin ƙawata ce. Janar ya ce hannunka na da kyau, shi kuma na yarda da maganarsa."