Almajirin Kaka

Wani ne, tun yana tatata ya ce shi matuƙin jirgin sama zai zama. Ya hau katanga don ya saba da sama. Da ya leƙo ƙasa sai ya ƙanƙame bulo yana ihu, sai da aka aro tsani.

Da ya tasa ya ce a'a, likita. Ran nan uwarsa ta ce ya riƙe mata kaza a yanka. Yana ganin jini ya zube. Wallahi kazar ta riga shi miƙewa.

Gemu ya fito, aka kai shi gareji. Maigidan ya ce, "Shiga ƙarƙashin motar nan ka duba min inda take yoyo." Gogan ya shiga, ya ji inuwa da sanyi. Mai mota ya zo ya ja abarsa, aka bar shi shimfiɗe a fili yana minshari.

Uban ya gaji. Ya ce, "Kai, ƙaninka tela na neman wurin ajiye keke. Ko ka kama sana'a, ko ka fitar min da tabarmarka daga ɗakin nan."

Hankalinsa ya tashi. Ya fito tsakar gida, sai ga kakansa a kujera. An kawo masa shayi, jika na matsa masa ƙafa, ba mai aikensa ko ƙofar gida.

Ya ce, "Alhamdu lillahi! Kaka, ka ɗauke ni koyon aiki."

"Wane aikin, ja'iri?"

"Naka mana. Tsufa."

Ya samo sanda, ya ja kujera gefe. Kaka ya yi tari, shi ma ya yi tari. Kaka ya ce wash bayana, shi ma ya ce wash bayana. Da rana ta take, Kaka ya ja kujerarsa inuwa. Shi ko motsi bai yi ba. Ƙudaje suka yi masa layi a leɓe.

Uban ya shigo. "Me nake gani haka?"

"Baba, a bakin aiki nake. Ɗaki ya tsira. Tambayi maigidana."

Uban ya dubi tsohon. "Baba, wai ya iya?"

Kaka ya kurɓi shayi ya ce, "Ya wuce ajina, ni ko ƙuda nakan kora. Ku miƙa shi wajen masu haƙa kabari, aji na gaba na hannunsu, kuma can ɗaki kyauta ne."