Yadda Za Ka Zama Mawaƙi Mai Damuwa a Kuala Lumpur Har a Yi Fim a Kanka

In ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari za a yi fim a kanka, irin wanda ake dariya a farko a share hawaye a ƙarshe. An gwada su a kan Tajuddeen, wanda a da yake rubuta wa 'yan fim waƙa a Kano, kafin ya biyo matarsa Zuhra da ta zo karatun digiri na uku. Yanzu suna zaune a unguwar Taman Melati su da 'yarsu Surayya.

Mataki na 1: Samo damuwa mai aji

Ciwon haƙori ba ya shiga fim. Abin da kake buƙata shi ne ma'anar rayuwa, domin ba wanda zai ce ka nuna masa inda ta ɓace. Tajuddeen ya fara nemanta ne da ya lura wayarsa ta daina ƙara, masu kiransa "Fasihi" sun samu wani fasihin. Abin ya ci masa rai ƙwarai, amma ya ji kunyar faɗa, sai ya ce rayuwa ce gaba ɗaya ba ta da ma'ana.

Ka sani akwai haɗari. Zuhra ta gaji da ganin mutum kwance a falo yana kallon fanka, ta ce, "Baban Surayya, in ma'anar nan ba ta garin nan, zan yankar maka tikiti ka koma Kano ka nemo ta. Mu muna nan." Kuma ba wasa a muryarta.

Mataki na 2: Gyara kamanni

Daina taje kai. Samo gita, ko ba ka iya kaɗawa ba. Ratayawa ake yi. Hau jirgin ƙasa na LRT ka jingina goshi da gilashi, ka bari ya wuce tasharku. Kada ka kuskura ka yi hamma, hamma ta masu ƙoshin lafiya ce.

Mataki na 3: Nemo mai kyamara

Damuwar da ba a ɗauka ba asara ce. Tajuddeen ya dace da Charles, ɗan Jos mai karatun fim a Bukit Jalil, wanda malaminsa ya matsa masa ya kawo labari.

"Oga Taju, kada ka yi smiling, don Allah," in ji Charles. "Just be yourself. Ka ci gaba da shan wahala."

Mataki na 4: Haddace jimla ɗaya ta Malay

Dole 'yan gari su san halin da kake ciki. A yarensu ma'ana ita ce makna, don haka "ina neman ma'ana" shi ne saya cari makna. Sai dai bakin Bakano ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu ba wasali a tsakani. Tun a faɗar farko harshen Tajuddeen ya gyara musu kalmarsu, ta koma makan, wato cin abinci. Charles kuwa bai fi shi jin yaren ba.

Haka ya shiga shagon mamak, inda Indiyawa Musulmi ke sayar da shayi da gurasa, ya dafa ƙirji, ido ya kawo ruwa, ya ce wa mai shagon, "Saya cari makan."

Mai shagon ya dube shi da gitarsa da kansa ba taza, tausayi ya kama shi. Ya dire masa gurasar roti da miya, ya ce, "Makan, boss, makan."

"Ka gani ko?" Tajuddeen ya ce wa Charles. "Mutanen nan suna da zurfin tunani. Nan take ya fahimce ni."

Mataki na 5: Yaɗa saƙonka

Faɗa wa kowa. Tajuddeen ya faɗa wa masu yadi a titin Jalan Masjid India, ya faɗa a ƙofar masallaci, ya faɗa wa mai gadin gidansu. Duk inda ya furta, sai a miƙo masa ƙunshin shinkafa. Bai taɓa mayarwa ba, domin mai neman ma'ana ba ya wulaƙanta masoyansa.

A nan ka yi hattara. Charles ya duba hotunan farkon fim da na yanzu, ya riƙe kai. "Oga, kumatu fa kake yi. Wa zai yarda kana cikin depression da wannan tumbin?"

Mataki na 6: Kada labari ya kai gida

Wannan matakin ne ya kayar da Tajuddeen. Wata rana da la'asar suna ɗaukar fitowar da zai kalli bango, Zuhra ta shigo rungume da tukunyar da ba tata ba, fuskar nan a murtuke. Wata tsohuwa 'yar Malay da ke hawa na ƙasa ce ta tare ta a lif, ta ba ta abinci, ta kuma yi mata nasiha a kan haƙƙin miji.

"Me kake ce wa mutane?" Zuhra ta tambaye shi.

Ya dafa ƙirji ya maimaita mata.

"Ka san me ka ce? Ina neman abinci. Duk unguwar nan an ɗauka da yunwa nake barinka. Ni da nake tuƙa maka tuwo kafin in tafi lab." Ta ciro waya ta buɗe shafin sayen tikiti.

Kunya ta rufe Tajuddeen, tsoro ya biyo baya. Ya sauke gitar. "Zuhra, ba wata ma'ana. Tun da muka zo ba wanda ya ce in rubuta masa ko baiti ɗaya. Shi ke damuna."

"Ni fa? Rabonka da yi min baiti tun kana zuwa zance gidanmu. Ko ni ba mutum ba ce?"

Mataki na 7: Rufe fim da waƙa

Ƙa'ida ita ce jarumi ya hau tsauni ya rera wa iska. Tajuddeen a bakin kicin ya tsaya ya rera:

"Na zaga birni ina cigiyar ma'ana,
Ashe tana gida, ita ke tuƙa min tuwona."

Zuhra ta kife wayar a kan tebur, ta goge ido da gefen mayafi.

"Ma'anar taka tana da presentation gobe," ta ce. "Ka juye abincin nan, ka wanke tukunyar, ka mayar wa tsohuwa. Ka kuma yi mata bayani da bakinka."

"Da wane yaren?"

"Da Turanci, don girman Allah."

Gargaɗi

Mai wannan jagora bai ɗauki alhakin komai ba. In malamin Charles ya ce fim ɗin ya lalace saboda jarumi ya warke da wuri, can tsakaninsu. In wandonka ya daina shiga, kai ka ci. In kuma ka bi matakan nan kaf, maimakon ɗaukaka ka tsinci kanka a gaban famfo da soso a hannu, matarka tana karatu a falo tana rera baitinka ƙasa-ƙasa, kada ka zo min da ƙorafi. Ka dai cuɗa gindin tukunyar sosai, ta mutane ce.