Babur Mai Mutuwa a Ƙofar Ladidi

A shekarar 1968, da ruwan dam ɗin Kainji ya hau ya cinye tsibirai da gonakin bakin kogi, aka kawo Ladidi garin Yelwa cikin kwalekwale, zaune bisa buhun gero, rungume da kaza. Wakili na tsaye a gaɓa da gajeren wandon makaranta. Aka ce masa ga ɗiyar gwaggonka. Ya dubi yarinya, ya dubi kaza, ya tambaya wacce daga ciki. Ta dumbuzo laka ta jefe shi. Tun daga ranar ba su shirya ba, ba kuma wanda ya nemi shirya su, domin taubasai ne. Shi ɗan namiji, ita 'yar mace, wato shi ubangida ita baiwa, in ji al'ada.

Yanzu Malam Wakili tsohon dubagari ne mai cin fansho, yana nan da jan babur ɗinsa da ya saya a 1975. Ladidi kuwa, tun rasuwar mijinta ƙafafu suka ƙi ta, ba ta wuce zaure inda take sayar da bandar kifi. Ba ta son a zo dubiya. Duk wanda ya shigo mata da fuskar tausayi, da baƙar magana take raka shi. Sai Wakili ya samo dabara. Duk ranar kasuwa, in ya sha kwanar masallaci, sai ya zura hannu ƙarƙashin tanki ya rufe famfon mai. Babur ya shanye ɗan abin da ya rage, ya yi tari, ya mutu daidai ƙofarta. Laifin kuwa a kan kwantak yake ɗora shi, 'yan ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa su ba fulogi wuta. Sai ya zauna yana gogar su har la'asar, ana zage-zage.

Amma a makon jiya kwantak ɗin ya mutu da gaske, a hanyar Wara, cikin ruwan sama. Wakili ya yi ta buga kik har gwiwa ta kumbura, motar albasa ce ta kwaso su shi da babur. Da ƙyar ya lallaɓa kwantak ɗin a gida ya sake ba da wuta. Ɗansa Zulkiflu ya sayo ɗan baƙin akwatin lantarki mai ba da wuta ba tare da kwantak ba, ya ce ko dai Gambo makanike ya sa shi yau, ko a kulle babur a ɗaki. Gambo kuma zai tafi Kwantagora bayan azahar. In aka sa akwati babur ya daina mutuwa, to da wane dalili Wakili zai riƙa tsayawa ƙofar matar da ba ta karɓar dubiya?

Da wannan zulumi ya iso zauren, babur ya mutu daidai ƙofa, akwatin na aljihun babbar riga.

"...lahiya lau, sai dai ganin ka," in ji Ladidi daga kan tabarma, tana korar ƙuda daga faifan kifi. "Ya sake macewa?"

"Baiwa ba ta gaida ubangida a zaune. Tashi ki durƙusa."

"Ubangijin da ko akuya bai aje ba? Gawar ƙarhen ga kaɗai ka mallaka, ita ma kullum sai ta zo ƙohwata ta cika. Ko an ce maka nan maƙabarta ta?"

"Warin kihinki ka kashe shi. Injin Japan ne, bai saba da ƙazanta ba. Da ina bakin aiki, da na rufe zauren ga da jan fenti."

"Da kana bakin aiki, da ka ci kihi biyu ka rubuta komi tsab. Mun san ku. Zamna mana! Kana ta zagaye awa kazar da za ta yi ƙwai. Mi ka ɓoye cikin aljihu?"

Wakili ya duba rana, ya duba agogo, ya zauna a bakin dakali, ya sake miƙewa. Daga bisani ya ciro akwatin ya aje gabanta.

"Ga abin da ɗanki ya sayo. Wai a cire kwantak a sa wanga."

Ta ɗauka, ta jujjuya, ta sansana. "Sabulu ne? To Allah shi yi mai albarka, ya gano ciwon ubanshi."

"Jahilci dai bai yi ba. Lantarki ne. Wai bugu ɗaya babur ya tashi, ko cikin ruwa."

"Kai kuma mi ka hana ka?"

"Ke mi kin sani? Kwantak ɗan halas ne. In zai mutu sai ya yi sallama, ya yi tari, ya yi atishawa. In buɗe, in goge bakinsa da 'yar takarda mai yashi, in gwada tsakaninsa da reza, ya tashi. Wanga kuwa a rufe yake ruf, ba ƙofa ba taga. Ran da ya ga dama sai mutuwar fuju'a, ba wasiyya. Da tsohuwar zuma ake magani."

"Sabo turken wawa. Wace sallama ya yi maka a hanyar Wara? An ce bisa buhun albasa aka kawo ka, kana ɗiga awa tsumman wanki."

"Ƙarya ake yi mini! Direban ne ya roƙe ni in raka shi, yana tsoron hanya."

"Shi ya sa kake ɗingishi? Tsoron hanya ya sauka a gwiwa?"

"Wannan tafiyar manya ce. Ke da kika zo garin ga a kan buhu, ke da kaza, har yau ba a tantance wadda aka yi wa rajista ba."

"Kazar ta hi ka hankali, ita ta san lokacin shiga akurki. Kuma kada ka ja ni da zance in mance. Ina zanena?"

"Kai, wannan zane! Shekara hamsin!"

"Ko ɗari ce. Sabon atamfa, ran da ka sayo gawar ga ka ce in hau in ɗanɗana arziki. Salansa ta cinye mini gehe guda, na koma gida ina hayaƙi. Babur ɗin ga da bashina a wuyanshi, shi ya sa ba ya iya wuce ƙohwata. Kunya ka kashe shi."

Wayarsa ta yi ƙara. Gambo ne, yana cewa ya fara haɗa kaya, in Malam zai zo ya zo. Wakili ya ce yana tafe, ya kashe, bai motsa ba. Ya tsuguna gefen babur ya kwance murfin kwantak, yana gogar abin da ba ya bukatar guga.

"Ai Gambo yaro ne," ya ce, bai ɗago ba. "Zai yanke mini wayoyi ya lalata asali. Babur irin wanga, in ka cire masa kwantak, kamar ka cire wa tsoho haƙora ne ka sa masa na roba."

"Kai da naka na robar kake cin kihina, ban ji ka yi ƙara ba."

"In aka sa abin ga, ba ya ƙara mutuwa, kin gane? Sai dai ki ji wucewata, fiii, kamar jirgi. Ko ɗaga miki hannu ba ni yi."

"Alhamdu lillahi. In yi sadakar waina."

"Ba mai zage ki. Ki zauna ke da ƙuda."

"Ƙuda sun hi ka ladabi, su ba su cin bashi."

Aka fara kiran sallar azahar a masallacin kwana. Wakili ya mai da murfi, sukurun ya faɗi cikin ƙasa, ya tsaya lalube. Ladidi ta dube shi, ta dubi gwiwar da ta cika ƙafar wando, ta ture faifan kifi gefe.

"Wakili."

Rabon da ta kira shi da sunansa tun ranar zaman makokin mijinta.

"Kihi na ganin ka, mai jar koma. Daga tabarmar ga ana hangen kwanar masallaci. Duk ran kasuwa ina ganin wani tsoho shina zura hannu ƙarƙashin tanki awa ɓarawon ƙwai."

Wakili ya daskare a tsugune. "Ƙaiƙayi ne. Cinyata nake sosawa."

"To ka ci gaba da susa. Na tambayi Zulkiflu, na ce akwatin ga shina hana a rufe famfon mai? Ya ce babu ruwan wuta da mai."

"Zulkiflu? Yaushe kuka..."

"Wa kake zaton ya ce mai ya sayo? Ni ba ni son a zo a ce mini ubangijina ya mace a hanyar Wara, ba a biya ni zane ba. Tahi a sa maka abin da ka tashi bugu ɗaya. Mutuwar ƙohwata kuwa, wannan hannunka ne, ba na Japan ba."

Dariya ta kece wa Wakili har ya zauna daɓas a ƙasa, hula ta karkace. Ya goge ido da hannun riga, ya ce hayaƙin banda ne.

"Munafuka! Shekara da shekaru kina bari ina gogar ƙarfe lafiyayye cikin rana!"

"Ina ruwana? Na ce ko ka koyi sana'a."

Ya miƙe, ya buɗe famfon mai a gabanta, ba ɓoyo. Ya buga kik sau da yawa kafin babur ya amsa. Ta naɗe ƙaton kifi a takarda ta jefa masa, ta ce na Gambo ne, kada ya taɓa. Tun kafin ya kai kwana ya gutsiri wutsiyar.

Ranar kasuwa ta zagayo. Jan babur ya sha kwanar masallaci da sabuwar murya, ya yi tari, ya mutu daidai ƙofa. Wakili ya sauko yana tsaki, ya aje mata tsohon kwantak naɗe cikin turmin atamfa.

"Akwatin ga ma ɗan banza ne," ya ce. "Kin gani, ya mace."

Ladidi ta jefa kwantak ɗin cikin gwangwanin canji, ta shafa atamfar, ta ɗaga ta ga haske.

"Wannan ba irin waccan ba ce," ta ce. "Bashi na nan. Zamna."