Hagu ta Ruwa, Dama ta Sama

Masu karatu, ku taya ni murna, yau ba takalmi na dawo gida. Daga inda bas ta sauke ni har ƙofar gidana tafin ƙafata ne a kan kwalta, rana ta dafa ta har tana danƙo, ni kuwa ina ɗingishi ina washe baki. Mai faci na bakin layinmu ya ajiye guduma ya bi ni da kallo.

Ya ce, "Maƙwabci, lafiya? Ko a masallaci aka yi maka?"

Na ce, "A'a, a ofis ne."

Ya ce, "To alhamdu lillahi, ashe suna hannun hukuma. Ba su ɓata ba ke nan."

Bari in faro muku daga tushe. Wan matata baduku ne, ni Yaya nake ce masa. Shekara talatin yana ɗinka takalman fata, mutum tara ke cin abinci a ƙarƙashinsa, kowanne da iyalinsa. Bara wata mata mai kanti a ƙasar waje ta ga hoton aikinsa a waya, ta ce a aika mata na gwaji. Aka aika, suka isa da giɓi babba. Kada ku ce ɓarayi, Allah ya kiyaye, mu nan ba mu da ɓarayi a bakin ruwa. Samfur aka ɗiba.

Samfur, ga wanda bai taɓa fitar da kaya ba, shi ne ɗan abin da jami'i yake ɗauka domin bincike. Binciken takalmi kuwa ba a yin sa sai da ƙafa, kuma ba ya kammaluwa sai an je da shi biki biyu ko uku an tabbatar ba ya cizo. Tebur bakwai kayan Yaya suka ratsa, kowane tebur da ƙafafunsa, kowace ƙafa da ƙanne da surukai.

Matar nan ta ce ta yafe sau ɗaya. Bana ta nemi takalman mutum ɗari shida, ta ce in suka sake isowa da giɓi, ko suka wuce ranar buɗe sabon kantinta, to Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Yaya ya zuba duk abin da ya mallaka a fata da zare. In wannan ciniki ya wargaje, shagon rufewa zai yi, mutum taran nan su koma zaman kashe wando. Wannan ba wasa ba ne, na ga yadda ya rame.

A nan ne naku ya shigo da basirarsa. Na same shi a shago ya yi tagumi a gaban tarin kwalaye, na ce, "Yaya, wa ka taɓa gani ya je biki da warin takalmi ɗaya?"

Ya ce, "Mahaukaci."

Na ce, "To raba su. Duk ƙafar hagu ka zuba a kwantena ta bi jirgin ruwa, duk ƙafar dama ta bi jirgin sama. Su haɗu a can wajen matar, ta ɗaura musu aure. Wanda ya ɗebi samfur a hanya, sai ya yi tsalle da ƙafa ɗaya."

Yaya ya kalle ni, ya fashe da dariya har da buga cinya. Ya ce ashe ƙanwarsa ba ta yi asarar aure ba. Ranar nan kaina ya kai wani girma, da ƙyar na shiga ƙofar ɗaki.

Muka je wurin ejan, wato mai bin takardun fitar da kaya, wanda kowa ke kira Gobe-da-safe saboda ita ce amsarsa ga kowace tambaya, har in ka tambaye shi ƙarfe nawa. Ya ce a kai duka biyun rana ɗaya, domin jirgin sama awa shida yake yi a hanya, amma takardarsa mako uku take yi tsakanin tebur da tebur. Muka kai hagu bakin ruwa, muka kai dama filin jirgi, muka koma gida muna jiran addu'ar mutane.

Mako uku cur, ko kwali ɗaya bai motsa ba. A bakin ruwa, shugaban ofishin, Mai Girma Uban Hatimi na Ruwa, Allah ya ƙara masa nauyi a kujera, bai ko buɗe kwantenar ba. Makon farko an ce na'ura ta ɗauke. Mako na biyu na'ura ta dawo, wuta ta ɗauke. Mako na uku ga wuta ga na'ura, amma makullin durowar da hatimi ke ciki ya tafi taron ƙara wa juna sani a aljihun wani. Jirgin da za a ɗora kwantenar kuwa yau da yamma zai ɗaga, na bayansa sai bayan wata guda, lokacin an buɗe kanti an share. Matata ta daina kirana da abin da ta saba, ta koma ce mini "mai dabara", kuma ku da kuka yi aure kun san muryar da ake faɗin irin wannan. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

To yau da sassafe Gobe-da-safe ya bugo waya, karo na farko a tarihi da ya ce "yanzu". Wai Mai Girma Uban Hatimi na Sama yana nemanmu a filin jirgi. Muka tarar da shi a rumbun kaya, tsakanin buhuna da akwatuna, an buɗe kwalayenmu goma sha biyu, yana tsaye da warin takalmi a ƙafar dama da safa a ƙafar hagu. Yaransa na ofis, manya da gemunsu, sai tonon kwalaye suke yi suna gumi.

Ya ce, "Waye mai kayan nan?"

Yaya ya durƙusa ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Kai, mutanen can ƙasar ƙafa ɗaya gare su?"

Na sa baki na ce, "Ranka ya daɗe, 'yan'uwansu suna bakin ruwa, a kwantena."

Ya ce wannan kaya ne marasa cika, doka ba ta san rabin takalmi ba, a kulle su. Yaya ko kallona bai yi ba, wanda ya fi zagi ciwo. Sai dai Mai Girma bai cire warin ba. Ya taka, ya juya, ya ɗaga ƙafa ya duba ɗinkin, ya sake takawa. Fatar ta kama ƙafarsa luf, ya lumshe ido. Can ya ce, "Bakin ruwa ka ce? Wurin wancan mutumin?"

Dole in tsaya in yi muku bayani. Shekara tara ke nan da aka yi mana alkawarin Taga Guda, wato ofishin ruwa da na sama su haɗa kai, mai kaya ya miƙa takarda sau ɗaya ya huta. An kafa kwamiti, an saya masa motoci, an gina masa ɗakin taro mai sanyi, an je ƙasashe shida an ga yadda tagogin mutane suke. Amma ba a taɓa zama ba, domin iyayen hatimin nan biyu sun kasa shirya wanda zai zauna a kan tebur daga sama. Ko a jana'iza suka haɗu, kowa sahunsa daban.

Yau a gabana, da kunnena, Uban Hatimi na Sama ya ɗauki waya ya ce, "Ɗan'uwa, kwana da yawa. Akwai wani bincike na haɗin gwiwa da ya taso."

Jama'a, ban taɓa sanin motar gwamnati tana da gudu haka ba. Aka cika buhu da ƙafar dama, aka jefa mu ni da Yaya bayan a-kori-kura, jiniya na kuka a gaba. Muka wuce layin mai da na kwana biyu a cikinsa makon jiya ina gadin babur ɗin ƙanena, na hango mutanen da muka yi layin tare har yanzu suna nan, ɗaya ma ya shanya wanki a jikin motarsa. Na ɗaga musu hannu irin na manya. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Kafin mu isa bakin ruwa, makullin da ya tafi taro ya dawo da ƙafarsa. Na'ura ta farfaɗo, wuta ta tsaya cak. Kwantenar da aka ce tana ƙarƙashin wasu guda huɗu, ba a iya kai wa gare ta sai wata mai zuwa, sai ga ta a fili an buɗe, har an shimfiɗa leda a gabanta. Manyan biyu suka rungumi juna. Daga nan aka shiga aikin ƙasa. Ma'aikatan sama na riƙe da dama, na ruwa na riƙe da hagu, ana kiran lamba kamar a asibiti. "Arba'in da biyu, baƙi." "Ga shi nan." "Arba'in, ruwan ƙasa, na madam ne." Ban taɓa ganin ma'aikata suna aiki da tsari da fara'a irin na yau ba, har wani yana ce wa wani bismilla, fara zaɓa.

Na raɗa wa Yaya cewa dabarata ta rushe, ga shi ana ɗiba. Ya raɗa mini cewa wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi, ya ɗinka na mutum ashirin a kan ɗari shidan tun farko, bai dai gaya mini ba ne don kada in ba da wata shawarar. Kuma a dokarsu, in an ɗebi samfur an yi bincike ke nan, in an yi bincike sai hatimi. Uban Hatimi na Sama ya ɗora takarda a bayan wani ma'aikaci ya buga nasa, ya ce dama ta tashi gobe.

Saura na Ruwa. Ya zauna a kujerar da aka kawo masa, ya gwada wannan, ya gwada wancan, diddige na leƙe a waje. Ashe Allah ya yi masa baiwar ƙafa, lamba arba'in da shida, mu kuwa kayanmu a arba'in da huɗu suka tsaya. Fuskarsa ta haɗe. Ya mayar da hatimi aljihu ya ce bai ga samfurin da ya dace da bincike ba, a rufe kwantena sai an sake nazari. Ƙarfe uku ta wuce, ƙugiyar ɗaukar kaya tana ta lodi a kan jirgi, tamu kwantenar kuwa tana nan ƙasa.

Sai na ga idon Mai Girma ya sauka ƙasa, ya yi yawo, ya tsaya a kaina. Ni ma arba'in da shida nake sawa, abin da aka yi ta yi mini dariya da shi tun ina makaranta, kuma Yaya ya ɗinka mini nawa na musamman ranar da na kawo dabara. Na sunkuya na cire, na kaɗe ƙura da hular kaina, na ajiye a gabansa na ce, "Ranka ya daɗe, ga wani samfur da ya faɗo daga kwali." Ya zura ƙafa, da ɗumina da komai. Hatimi ya fito, ya sauka a takarda, ƙarar da ban taɓa jin mai daɗinta ba.

Kafin ka ce kwabo, ga 'yan jarida da kyamarori, ban san wanda ya kira su ba. Manyan suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, suka sanar da al'umma cewa aikin kwamiti na shekara tara ya haifi ɗa mai ido, Taga Guda ta buɗe. Aka tafa, ni ma na tafa, ina tsaye a bayan kyamara ina musanya ƙafa saboda zafin siminti. Wata 'yar jarida ta dubi ƙasa ta ce, "Ranka ya daɗe, takalmin nan ya yi kyau."

Uban Hatimi na Ruwa ya ɗan ɗaga ƙafa ya ce, "Na waje ne. Nan ba a iya irin wannan ɗinkin ba."

Na juya na ga kafaɗun Yaya suna rawa, na ɗauka kuka yake. Ashe dariya ce yake dannewa da hannun riga, ko da yake idon ya jiƙe. Ya ce, "Ka ji? Shekara talatin ina huda fata, ba wanda ya taɓa yaba mini haka." A daidai lokacin ƙugiya ta sauko ta kama kwantenarmu, ta ɗaga ta sama tana lilo, ta dire ta a kan jirgi. Yaya ya bi ta da ido har ta zauna. Sannan ya ciro waya, ya kira babban ma'aikacinsa ya ce, "Gaya wa kowa ya fito aiki gobe. Kowa da kowa."

Yanzu haka ƙafafuna suna cikin roba da ruwan sanyi, matata ce ta kawo da kanta, ta kuma koma kirana da sunan da. Mai Girma, in wannan shafi ya iso teburinka, warin hagun yana ɗan cizo a ƙaramin yatsa, ka shafa masa mai ya kwana. In kuma igiyar ta tsinke, kada ka wahalar da baitulmali da tikitin jirgi. Ƙasar wajen tana bayan kasuwa, kusa da injin niƙa, ana buɗewa ƙarfe takwas.